Daga Teburin Paris Zuwa Gonar Auduga: Yadda Tarukan Manya Ke Isa Ƙauyukan Hausawan Jazira

Ranar 17 ga Mayu, 2021, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya tara shugabannin ƙasashe da manyan jami'an bankuna da 'yan kasuwa a birnin Paris kan magana guda: bashin da ake bin Sudan. Firaminista Abdalla Hamdok ya halarta, haka ma Janar Abdel Fattah al-Burhan. Kafin a watse, Macron ya sanar cewa ƙasarsa za ta yafe kusan dala biliyan 5 da take bin Sudan, za kuma ta ba da rancen wucin gadi na dala biliyan 1.5 don a biya tsohon bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna.

A Jazira, wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, an gama girbin alkama a lokacin, ana jiran ruwan farko. Labarin taron ya iso ta rediyo da waya, amma sharuɗɗansa sun riga shi isowa. Tun 21 ga Fabrairu gwamnati ta karya darajar fam ɗin Sudan: dalar da ake canzawa fam 55 a hukumance ta koma kusan 375 a rana ɗaya. A watan Yuni aka janye tallafin fetur da gas gaba ɗaya. Zuwa Yuli hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari. Ɗan ƙwadagon da ke cirar ciyawa a gonar wani, ana biyansa da yamma, bai buƙatar a karanta masa sanarwar bayan taro. Kuɗin mota zuwa Wad Madani da farashin sukari sun gaya masa komai.

Da yawa daga cikin waɗannan 'yan ƙwadago Hausawa ne, jikokin mahajjata da masu hijira. Hanyar Makka ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Barno a Sudan, wasu kuɗin guzuri ya ƙare musu, wasu sun dawo daga Hajji suka ga wurin zama. Ayari mafi shahara shi ne na bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu kaɗan da Sinnar, a wurin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan ƙauyuka suka yi ta tsirowa a bakin kogi har Rusairis da Damazin, na masunta da masu lambu da manoman dawa da riɗi. A cikin Jazira kanta kuwa, akwai unguwannin Hausawa a garuruwa, akwai kuma ƙananan matsugunan ma'aikatan gona a gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, inda suke zaune tare da mutanen Darfur da na duwatsun Nuba.

Tarukan tattalin arzikin duniya ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi amo ba shi ya fi tasiri ba. Wanda kowa ya sani shi ne na Davos, wani ƙaramin gari mai ƙanƙara a duwatsun Suwizalan, inda shugabanni da masu manyan kamfanoni ke haɗuwa duk watan Janairu. Wani malamin jami'a Bajamushe, Klaus Schwab, ya kafa shi a 1971. A can ana jawabi, ana ƙulla zumunci, ana ganawa a ɗakunan otal, amma ba a yanke hukuncin da ya hau kan kowace ƙasa. Sai ƙungiyar G20 ta ƙasashe masu ƙarfin arziki, wadda sai a Satumban 2023, a taron New Delhi, ta ba Tarayyar Afirka kujerar dindindin.

Masu haƙora su ne waɗanda ba a cika nunawa a talabijin ba. IMF da Bankin Duniya an haife su ne a taron Bretton Woods na Amurka a Yulin 1944, lokacin Sudan da Najeriya da Nijar duk suna hannun Turawa. A can ƙuri'a gwargwadon jarin ƙasa take. Amurka kaɗai tana da sama da kashi 16 cikin ɗari a IMF, manyan hukunce-hukunce kuma sai da kashi 85, saboda haka in ta ce a'a magana ta mutu. Sai Kulob ɗin Paris, wanda ya soma a 1956 da bashin Ajantina. Ba shi da wata doka da ta kafa shi, zama ne kawai na ƙasashe masu bin bashi a ma'aikatar kuɗin Faransa, kuma ba ya sauraron mai neman sauƙi sai ya zo da yarjejeniyar IMF a hannu. 'Yan Najeriya za su tuna da shi: a 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ya yafe dala biliyan 18 bayan Najeriya ta amince ta biya kusan biliyan 12.

Gandun ban ruwa na Jazira shi kansa ɗan irin waɗannan zauruka ne. A 1902 masu masaƙun Lancashire, da suka gaji da dogaro da audugar Amurka, suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, BCGA, a Manchester. Ita ce ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa, ta kuma sa rai cewa in jirgin ƙasa ya isa Kano auduga za ta yi ta kwarara. Jirgi ya isa, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. A Sudan ba a bar wa manomi wannan zaɓi ba. A 1913 wakilan masaƙun suka shawo kan gwamnatin Landan ta tsaya wa rancen fam miliyan 3, yaƙin duniya ya jinkirta aikin, aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya gangara cikin magudanai ya shayar da fadan 300,000 na farko. Fadan ɗaya ya ɗan zarce eka.

Tsarin ya kasance na mutum uku. Gwamnati ta karɓi hayar ƙasar daga masu ita a kan ƙurush 10 duk fadan a shekara, ita ke ba da ruwa. Wani kamfanin Ingila, Sudan Plantations Syndicate, shi ke gudanarwa daga hedkwatarsa a Barakat kusa da Wad Madani. Manomi kuma ana yanka masa gona, hawasha, a gaya masa abin da zai shuka da ranar da zai shuka, ya ɗauki kashi 40 cikin ɗari na ribar auduga. Akwai mutum na huɗu da ba a rubuta cikin rabon ba, wato mai tsinkar audugar. Iyalin manomi ba sa iya tsince hawasha su kaɗai, don haka gandun ya dogara ga baƙin hannu, kuma Turawa sun ƙarfafa wa mutanen yamma, waɗanda ake wa jam'u da Fallata ko Takari, su zauna su yi wannan aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sau ɗaya kasuwar duniya ta buɗe musu ƙofa, shi ma ta hanyar masifa. Bayan durƙushewar kasuwar hannun jari ta New York a 1929 farashin auduga ya faɗi warwas, cututtukan ganye suka haɗu da shi, manoma da yawa suka yi shekaru ba su ga riba ba suka watsar da hawashoshinsu. Kamfani ya miƙa wasu daga cikin gonakin ga mutanen yamma, waɗanda suka jure don ko ba komai akwai filin dawa a ciki. Da farashi ya farfaɗo, musamman a 1951 lokacin yaƙin Koriya, hawasha ta zama dukiya, sai maganar wane ne ɗan ƙasa ta taso. Dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa suna Sudan tun kafin 1898. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi ya makara da shekaru kaɗan.

Sudan ta karɓi gandun daga kamfani a 1950, ta sami 'yanci a 1956, ta shiga neman rance don faɗaɗa shi. Bankin Duniya ya ƙi sa hannu a madatsar Rusairis sai da Sudan da Masar suka raba ruwan Nilu a yarjejeniyar 1959, Masar kubik mita biliyan 55.5, Sudan 18.5. Aka gama madatsar a 1966. Da ƙarin yankin Manakil, gandun ya kai sama da fadan miliyan 2, ɗaya daga cikin gonakin ban ruwa mafi girma a duniya a ƙarƙashin hukuma guda. Tafkin da ya taru a bayan Rusairis ya zama wurin sana'ar masunta Hausawa.

Shekarun 1970 su ne na manyan alkawura. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, ƙasashen Larabawa suka cika da kuɗi amma ba abinci, a 1974 kuma aka yi Taron Abinci na Duniya a Rum cikin fargabar yunwa. Daga nan aka yi ta yayata cewa Sudan ce rumbun abincin Larabawa: kuɗin Kuwait da Saudiyya, injinan Turawa, ƙasa da ruwan Sudan. A 1976 aka kafa hukumar zuba jarin noma ta ƙasashen Larabawa da mazauni a Khartoum. Aka gina masana'antar sukari ta Kenana, aka buɗe gandun Rahad, gwamnatin Ja'afar Numeiri ta yi ta cin bashi daga duk wanda ya miƙo. A yankunan da ake noman damina, wato Gadarif da kudancin Shuɗin Nilu, hukumar noman injina da aka kafa a 1968 da tallafin Bankin Duniya tana yanka gonaki na fadan dubu ko fiye tana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Dokar 1970 kuma ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati. A takarda daji ne ba mai shi. A ƙasa kuwa gonakin ƙauyawa ne da burtalin makiyaya.

Rumbun bai cika ba, bashi ne ya cika. Yayin da ake gina sababbin ayyuka, tsohon gandun Jazira ya rasa kayan gyara, laka ta soma cike magudanai, audugar da ke kawo kuɗin waje ta ragu. A 1978 Sudan ta je wa IMF, aka karya darajar fam karo na farko. A 1979 ta zauna gaban Kulob ɗin Paris, ta koma a 1982, da 1983, da 1984, kowane zuwa ana ɗage ranar biya, kuɗin ruwa na hawa kan kuɗin ruwa. A farkon shekarun 1980, bisa shawarar Bankin Duniya, aka soke tsohon asusun haɗaka na rabon riba a Jazira, aka ce kowane manomi ya ɗauki asusunsa, ya biya harajin ƙasa da na ban ruwa. Manomi mai ƙarfi ya ji daɗin haka. Mai rauni ya faɗa hannun masu ba da bashin shel, inda ake sayar da amfanin gona da araha tun yana tsaye. Da yawa suka koma ba 'yan kambo gonar su noma a raba amfani, abin da ya ba Hausawa da dama damar noman gyaɗa da dawa da albasa, amma a ƙasar da ba sunansu a kanta.

A Maris 1985 aka janye tallafin burodi da mai, jama'a suka fito titi, ranar 6 ga Afrilu soja suka kifar da Numeiri yana kan hanyar dawowa daga Amurka. A 1986 IMF ta rufe wa Sudan ƙofar rance saboda bashin da ba ta biya ba. Ƙofar ta zauna a rufe shekara 35.

Abin lura shi ne, rufe ƙofar bai hana shawarwarin aiki ba. Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ke zagin ƙasashen yamma a dandali, ta aiwatar da sakin farashi da sayar da kadarorin gwamnati tun daga 1992 ba tare da an ba ta ko sisi ba. Amurka ta ƙaƙaba takunkumi a 1997, amma ta bar ƙofar ƙaro a buɗe, don kamfanonin lemon kwalba da na magani ba su da madadinsa. Man fetur ya soma fita a 1999, noma ya koma baya. Dokar Gandun Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta kuma ɗora kula da ƙananan magudanai a kan ƙungiyoyin masu shan ruwa. Kafin 2010 an sallami dubban ma'aikata, an rabu da injinan gurza da ƙaramin layin dogon gandun. 'Yancin zaɓen shuka abu ne mai kyau, manoman Kano sun nuna haka tun tuni, sai dai gandun da aka gina don kowa ya sha ruwa bi da bi ba ya tafiya in ba mai tsara bi da bin. Na bakin magudana ya sha ya ƙoshi, na ƙarshenta ya sayi injin ban ruwa ko ya bar gona ta ƙone. Mazauna kambo kuwa ba su cikin ƙungiyar manoma, ba su cikin ta masu shan ruwa, yawancin matsugunansu ba makaranta ba asibiti ba famfo, daga magudanar da ke ɗauke da tsargiya suke ɗiba.

Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man. A Disamban 2018 aka ninka kuɗin burodi sau uku, zanga-zanga ta tashi daga Damazin da Atbara ta game ƙasa, Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilu, 2019.

Hamdok, wanda ya yi shekaru a hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Addis Ababa kafin ya zama firaminista bayan faɗuwar Bashir, ya san waɗannan zauruka ciki da bai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A taron Berlin na Yunin 2020 aka yi alkawarin dala biliyan 1.8. A Disamba Amurka ta cire Sudan daga jerin masu goyon bayan ta'addanci, bayan Sudan ɗin ta biya diyyar dala miliyan 335. Sai Paris. A ƙarshen Yunin 2021 IMF da Bankin Duniya suka shigar da Sudan shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi, lokacin ana bin ta kusan dala biliyan 56, mafi yawansu kuɗin ruwa da tarar jinkiri a kan rancen zamanin Numeiri. A Yuli Kulob ɗin Paris ya amince ya soke dala biliyan 14.1. Don rage raɗaɗin janye tallafi aka fito da shirin Samarat, dala 5 a wata ga kowane mutum, da niyyar ya kai kashi 80 cikin ɗari na jama'a. Shiga shirin sai da lambar ɗan ƙasa, takardar da ta fi wuyar samu ga wanda ake tambayar asalin kakansa.

Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Burhan ya kifar da gwamnatin farar hula. Bankin Duniya ya dakatar da kuɗinsa, Samarat ya tsaya, a Yunin 2022 Kulob ɗin Paris ya jingine yafiyar. Tallafin mai da aka janye bai dawo ba, darajar fam ma haka. A nan ne tsarin ke da aibi babba: ɓangaren da talaka ke biya ana karɓarsa tun kafin a zauna, ɓangaren da zai amfane shi kuma an ɗaure shi da halin mutanen da bai zaɓa ba.

A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan an ƙi amincewa da buƙatar Hausawa ta samun masarauta tasu, abin da a can yake tafiya tare da haƙƙin ƙasa. Sama da mutum 100 suka mutu a Rusairis da kewaye, a Oktoba aka sake kashe kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi, dubbai suka tsere, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartoum da Port Sudan. Siyasar cikin gida ce ta kunna wutar, kuma zai zama zalunci a ɗora ta a kan wani banki. Amma ƙasar da ake faɗa a kanta ta riga ta ƙuntata: manyan gonakin injina sun ci wani ɓangare, ƙarin tsayin mita 10 da aka yi wa madatsar Rusairis da rancen asusun ƙasashen Larabawa, aka kammala a 2013, ya nutsar da wani ya tayar da dubban iyalai.

Yaƙin da ya soma ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya isa Jazira a Disamban wannan shekara, Wad Madani ta faɗi, aka wawashe taraktoci da iri da taki, aka ƙaurace wa ƙauyuka. A ƙarshen Yunin 2024 garin Sinja ya bi baya, soja suka ƙwato shi a Nuwamba, suka koma Wad Madani ranar 11 ga Janairu, 2025. A kwanakin ne mayaƙa masu goyon bayan soja suka kai hari Kambo Tayba, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26. An zargi mazauna kambo da haɗa kai da RSF, su da ba su tsira daga ɓarnar RSF ɗin ba.

Tarukan ba su daina ba, sai dai maganarsu ta sauka daga zuba jari zuwa buhun abinci. Ranar 15 ga Afrilu, 2024, aka sake zama a Paris, aka yi alkawarin agajin sama da yuro biliyan 2. Shekara guda cif bayan haka aka zauna a Landan. Ba a gayyaci ko ɗaya daga ɓangarorin da ke yaƙi ba, gwamnatin Sudan ta yi ƙorafi a rubuce, sannan Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka kasa daidaitawa kan kalmomin da za a sa, aka tashi ba sanarwar haɗin gwiwa.